Kwana Uku Ba Roƙon Kowa

Ranar da Orville Brandvold ya ajiye aiki, bayan shekara arba'in da ɗaya yana sayar da kafet, bai zarce gida ba. Sai da la'asar matarsa Maxine ta ji ƙugin mota a waje, ta leƙa ta taga, ta ga sabuwar a-kori-kura ja ta jawo gida sukutum a bayanta. Tirelar tafi-da-gidanka ce, irin manyan nan da goshinsu ke hawa kan bodin mota, da ɗakin kwana da falo da madafa da bayi. Direban dillali ne ya tuƙo ta, ya miƙa wa Orville makulli, ya yi gaba abinsa.

Shi Orville, tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba. In ka ce masa kana ciwon haƙori, zai gaya maka yadda ake cirewa. In ka ce jirgi ya yi latti, ya san abin da ya samu injin.

"Maxine! Fito ki ga sabon gidanki!"

"Ina da gida, Orville. Ga ni a cikinsa."

"Shekara talatin da takwas muna kallon bishiyar tuffa ƙwaya ɗaya! Sayarwa za mu yi, mu bi rana. Sanyi ya shigo Minnesota, mu gangara Arizona. Zafi ya taso, mu dawo."

"Wa zai ja?"

"Wane irin wa zai ja? Ni mana."

"Kai da ka aske min furanni da injin yankan ciyawa?"

"Furannin ne suka fito inda bai kamata ba."

Maxine ta yi shekara ashirin da shida tana tuƙa bas ɗin makaranta, cikin ƙanƙara da hazo, ko kwarzane ba ta taɓa yi mata ba. Ta zagaya tirelar sau ɗaya, ta dubi gidanta, ta dubi bishiyar da mahaifiyarta ta dasa da hannunta. Ba ta son rabuwa da gidan nan ko kaɗan. Amma ta san in ta ce a'a kai tsaye, za ta sha wa'azi har bazara.

"To ji nan," ta ce. "Kwana uku a sansanin bakin tafki. Mu je, mu zauna, mu dawo. In ka yi ba tare da ka roƙi kowa taimako ba, na yarda, a sayar. In ko ka buɗe baki ka ce a taimake ka, ko sau ɗaya, gidan nan ya zauna daram."

"Shi ke nan sharaɗin? Haba, Maxine, ki ƙara wani mana, kada a ce na cuce ki."

A ranar ya samo katako mai kauri, ya rubuta GIDAN SAYARWA NE da jan fenti, ya jefa shi a bodin mota. Ya ce ran Lahadi, kafin ma ya cire takalmi, zai kafa shi a ƙofar gida.

Ran Juma'a suka isa sansanin. Hanyar ba ta ba shi wahala ba, tun da gaba kawai ake yi, kuma tirelar tana nan a haɗe yadda direban dillali ya bar ta. Maxine ta shiga ofis ta karɓo musu fili mai lamba goma sha bakwai a wurin Lurlene, matar da ke kula da sansanin. Ta ɗan jima a ciki, Orville yana ta danna oda.

A sansani irin wannan ba abin kallo kamar baƙo ya zo shigar da tirela da baya. Kafin Orville ya sa ribas, kujerun naɗewa sun jeru a bakin hanya, kowa da gwangwanin lemonsa a hannu. Na kusa da su shi ne mai fili na sha shida, wani dogon tsoho wai shi Wendell Sather, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan turakun wutar lantarki.

Maxine ta sauka ta tsaya a baya inda zai gan ta a madubi. "Ka wuce filin tukuna, sannan ka karya. In kana son bayanta ya yi hagu, sitiyari dama."

"Wannan ilimin bas ne, uwargida. Bas ba ta da ƙugu."

Ya murɗa hagu, tirela ta yi dama. Ya murɗa dama, ta bi teburin cin abinci ta kwantar da shi. Ya yi gaba, ya dawo, ta taka murhun gashin nama. A karo na shida Maxine tana ɗaga hannu biyu tana ihun ya tsaya, shi kuma ya ɗaga mata hannu yana murmushi, a zatonsa jinjina take yi masa, har reshen bishiya ya share eriyar talabijin daga rufin.

Mutanenmu ba sa cewa mutum yi kaza. Rashin ladabi ne. Sai dai su ba ka labarin wani. Wendell ya yi gyaran murya daga kujerarsa.

"Akwai wani da na sani, shi yakan bi hannun matarsa."

"Allah Ya ba shi haƙuri," in ji Orville ta taga.

A karo na goma sha huɗu tirelar ta shiga, amma a karkace, gindinta na kallon bayin sansani, goshinta na leƙen filin Wendell. Orville ya sauko yana share gumi, ya ce da gangan ya yi, don iskar tafki ta riƙa shigowa ta kusurwa. Abu ɗaya ya lura da shi, ya kuma ji daɗinsa: duk cikin taron nan ba wanda ya tashi ya taya shi. Ya raɗa wa Maxine cewa gwani yakan gane gwani tun daga nesa.

"Haka ne," ta ce. "Ɗaga teburin mutane."

Ya sauke ƙafafun gaban tirelar, ya ja hannun makullin da ya haɗa ta da mota, ya zare motar. Wannan kam ya yi shi daidai, kuma har dare bai bar maganar ba.

Asabar ta waye da zafi. A jikin turken wutar filinsu an rubuta talatin, wato ƙarfin wutar da yake iya bayarwa, ita kuwa tirelar Orville mai cin hamsin ce. Dillali ya ba shi ɗan guntun mahaɗi da zai sa babban filoginsa ya shiga ƙaramin soket, ya kuma yi masa bayani, amma a lokacin Orville yana koya wa dillalin yadda ake goge kafet ɗin falon.

Ya kunna na'urar sanyi ta falo. Ya kunna ta ɗaki. Ya kunna tukunyar ruwan zafi, ya ɗora kofi, ya saka burodi a na'urar gashi. Ƙas! Komai ya mutu. Ya fita ya ɗaga makunnin turken, ya dawo, ya sake kunna duka. Ƙas! Sau biyar yana wannan safa da marwa da gajeren wando.

"Ka kashe ɗaya mana," in ji Maxine. "Igiyar ba ta ɗaukar duka. Na'urar sanyi ɗaya ta ishe mu."

"Na sayi biyu in kunna ɗaya? Gobe kuma ki ce in riƙa tafiya da ƙafa guda."

Wendell yana zaune yana gyaran ƙugiyar kamun kifi, idonsa a ƙasa. "Akwai wani da na sani, in yana layin talatin, yakan mayar da ruwan zafinsa kan gas."

"Maƙwabci, wannan mutumin naka bai taɓa sayar da kafet ba. Mu lissafi muke yi."

Lissafin kuwa ga shi. Fili na sha takwas ba kowa, turkensa yana tsaye a banza, shi ma talatin. Talatin da talatin sittin. Sittin ta fi hamsin, har da canjin goma. Orville ya ji mamakin yadda duk Amurka ba wanda ya taɓa hango wannan sai shi. Ya shiga gari ya sayo waya da filogi biyu da salatif, ya baje su a kan teburin da ya kayar jiya, ya feƙe wayoyi, ya murɗe baƙa da baƙa, fara da fara, ya naɗe.

Wendell ya ajiye ƙugiyarsa. Sai ya cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu.

"Akwai wani da na sani da ya taɓa yin haka."

"Ka gani! Yaya ya ƙare?"

"Girarsa ta sake fitowa daga baya."

Ranar Asabar ce ranar cin abincin taro a sansanin. Kowace tirela takan kawo tukunya ɗaya rumfar bakin tafki da ƙarfe biyar, kuma tun hantsi tukwanen lantarki ke tafasa a hankali a layin gaba ɗaya, dankali da niƙaƙƙen nama, wake da zuma, shinkafar daji da kaza. Ƙamshi ya cika ko'ina. Da misalin ƙarfe biyu Orville ya soka filogi ɗaya a turken sha bakwai, ya ja waya zuwa na sha takwas, ya juyo ga jama'a.

"Ku buɗe ido ku koya. Ba kullum ake samun wannan kyauta ba."

Ya soka.

Aka ji tas! kamar an fasa taya. Shuɗiyar wuta ta yi tsalle, hayaƙi ya tashi, Orville ya samu kansa zaune a ƙasa da guntun waya a hannu da warin ƙonannen gashi a hancinsa. Daga fili na ɗaya har na talatin na'urorin sanyi suka yi shiru. Rediyon da ke ba da labarin wasan ƙwallo ya ɗauke a tsakiyar magana. Ƙofofi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, mata suna fitowa da ludayi a hannu.

Lurlene ta iso a kan ɗan keken sansani. Ta dubi turken da ya yi baƙi, ta dubi wayar, ta dubi fuskar Orville da ta rasa gira ɗaya da rabi.

"Babban makunnin layin ne ya ƙone. Sai an kawo wani daga gari." Ta juya kan kekenta. "Ba komai."

A wajenmu gara a zage ka da a ce maka ba komai da irin wannan murya. Mata ashirin da takwas suka bi ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, kowacce rungume da tukunyar da ba ta nuna ba, kowacce ta ce masa ba komai.

Wendell da Lurlene suka gyara layin kafin magariba. Da Maxine ta dube shi, Orville ya yi sauri ya ɗaga yatsa.

"Ban roƙa ba! Wutar sansani ya gyara, ba tawa ba."

"Na ce wani abu?"

"Idonki ya ce."

A rumfa aka ci latas da biskit da kek. Orville, don ya nuna ba abin da ya lalace, ya cika faranti da dankalin da bai dahu ba, yana tauna ana jin ƙarar garas-garas daga tebur na uku. Ya ce likitoci sun tabbatar dafuwa ce ke kashe amfanin dankali. Matar da ta dafa shi ta ƙara masa ludayi biyu.

Lahadi ta zo, ranar tashi. Kowa sai ya bar filinsa kafin sha ɗaya, hanyar fita kuwa ɗaya ce tak, ta gaban fili na sha bakwai. Orville ya farka da farin ciki. Kwana biyu sun wuce bai roƙi kowa ba, saura ya haɗa ya ja, gidan Maxine ya zama tarihi. Ya leƙa bodin mota ya shafa allonsa.

Haɗa irin wannan tirelar ba wuya, in an bi a hankali. A tsakiyar bodin mota akwai farantin ƙarfe mai tsagaggen baki, a ƙarƙashin goshin tirela kuma akwai gajeren turken ƙarfe mai kaurin damtse. Mota ta yi baya, turken ya shige bakin, haƙoran ƙarfe su rufe a wuyansa. Amma sai goshin ya zauna a kan farantin. In an ɗaga tirela ta yi sama da yawa, turken yakan hau kan haƙoran ya zauna, ga ido kamar ya shiga.

Orville ya danna maɓalli ya ɗaga goshin sama sosai, wai don kada ya goge masa fentin faranti. Kujeru sun riga sun jeru, yau da kofunan kofi. Ya yi ribas, aka ji ƙarar ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ya sauko yana tafa hannu.

"Kun ji? Sau ɗaya!"

Maxine ta sunkuya ta leƙa. "Orville, ina hango haske tsakanin farantin da goshin."

"Iska ce ke wucewa. Haka ake so."

"Hannun makullin bai koma ciki duka ba."

"Sabo ne, bai saba ba."

Wendell ya riƙe kofinsa da hannu biyu. "Akwai wani da na sani," ya ce, "shi yakan ɗaga ƙafafun kaɗan kawai, yatsa ɗaya daga ƙasa, ya riƙe birkin tirelar, ya ɗan ja ya gani. In ta zame, ƙafafun su tare ta. Kowa haka yake yi. Kowa da kowa. Har limamin cocinmu."

"Mai shakka ke gwaji, maƙwabci. Ni kunnena ya ji."

Ya naɗe ƙafafun har ƙarshe. Ya soka igiyar fitilu, ya rufe murfin bayan mota, ya hau kan matakala ya yi wa jama'a jawabin bankwana. Ya ce duk wanda ya bi ta Arizona da sanyi ya neme shi, zai duba masa wutar tirelarsa kyauta. Sannan ya shiga ya ba ta wuta.

Tirelar ta bi shi taku goma, daidai har ta fito ta gindaya a hanya. Da ya karya kwana, mota ta yi gaba, tirela ta ce ita ta gaji. Turken ya zame daga kan farantin, ya tsinke murfin baya, goshin ya faɗo rim! a kan gefunan bodi, ya lotsa su kamar gwangwanin madara. A ciki aka ji kwanukan Maxine suna sauka ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ya daɗe yana juyi kafin ya kwanta.

Orville ya fito. Ya zagaya ta hagu, ya zagaya ta dama. Ya danna maɓallin ƙafafu, suka sauko, suka nutse a cikin laka mai taushi, goshin ko motsi bai yi ba. Ya sa kafaɗa ya tura. A bayansa tireloli sun fara layi, masu son su kai coci da masu tafiyar awa shida. Ba wanda ya danna oda. Ba kuma wanda ya tashi daga kujera, ga mutum talatin, kowa da akwatin kayan aiki a gindin ƙafarsa.

"Wai ku," ya ce a ƙarshe, "haka ake yi a nan? Mutum na fama kuna kallo?"

"Matarka ta gaya min sharaɗinku ran Juma'a," in ji Lurlene. "Ni kuma na gaya wa mutum ɗaya kawai."

"Kwana biyu ban yi barci ba, ɗan'uwa," in ji Wendell, kamar zai yi kuka. "Ina kallonka kana murɗa wayar nan, hannuna na ƙaiƙayi. Amma mun ce ba za mu ɓata muku alkawari ba. Sai ka faɗa da bakinka."

Orville ya dubi Maxine. Ba dariya take yi ba. Ya dubi layin motoci, ya dubi sabuwar motarsa da ta koma kamar an zauna a kan hula. Arizona ta yi masa nisa ƙwarai. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ta taso tun daga tafin ƙafa.

"Akwai wani da na sani," ya ce a hankali, "da yake ɗan buƙatar..."

"A'a," in ji Maxine. "Wane ne?"

Orville ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Ku taimake ni."

Kujeru talatin suka kife a lokaci guda. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suka taho da gudu, wannan da jak na ɗaga mota, wancan da sarƙa, wani da tocila da rana tsaka. Wendell ya rarrafa ƙarƙashin goshin yana ba da umarni, fuskarsa na walƙiya kamar ranar aurensa. Suka kafa babban jak, shi ma ya fara nutsewa.

"Ƙasar ta yi taushi! Katako nake so, mai kauri! Wa ke da katako?"

Aka dubi juna. Guntayen da ke akwai duk an sa su a ƙarƙashin ƙafafu. Orville ya dubi bodin motarsa. Sannan ya zura hannu ta gefen bodin da ya lotse, ya jawo allonsa, ya miƙa.

Wendell ya karanta jan rubutun, ya ɗago. "Ka tabbata?"

"Sa shi kawai. Rubutun ya kalli ƙasa."

Jak ya hau kan allon, allon ya yi ƙara ya tsage ta tsakiya, amma ya riƙe. Goshin ya tashi. Aka ciro murfin baya aka jefa a bodi. Maxine ta miƙa hannu, Orville ya saka mata makulli ba tare da an ce masa ba. Ta sauke goshin daidai, ta yi baya sau ɗaya, ta sauko ta karɓi tocilar nan ta leƙa haƙoran, ta ɗaga ƙafafun yatsa ɗaya, ta riƙe birki, ta ɗan ja. Tirela ta tsaya cak a bayanta. Jama'a suka yi tafi, har da matar dankali.

Sun yi nisa a kan babbar hanya. Orville yana kujerar fasinja, rabin allon a kan cinyarsa, ya cika da laka.

"Shi ke nan," ya ce. "Gidanki ya zauna."

"Ya zauna." Ta duba madubi, ta wuce wata motar katako cikin natsuwa. "Amma na ce wa Lurlene ta ajiye mana sha bakwai wata mai zuwa. Mako biyu. Tana da daɗin ja, ka sani. Ta fi bas."

"Wa zai..."

"Kai za ka tsaya a baya kana ɗaga hannu."

Suka wuce gari guda. Da suka tsaya shan mai, wani mutum ya zo yana kallon yadda Maxine ta shigo da dogon abin nan tsakanin famfuna biyu ba ta taɓa komai ba. Orville ya sauke gilashi, ya shafa inda girarsa take a da.

"Ka ga hannu ko?" ya ce. "Kwana uku kacal na yi ina koya mata."